Majami'un Ƙauyukan Denmak: Ginin Da Ya Yi Shekara 800 A Tsaye

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya taɓa sa hannu cikin ginin majami'a a ƙauye ya san yadda abin yake. A yi gayya, a buga tubali, a ɗora rufi, a yi bikin buɗewa da murna. Bayan damina goma sai a ga bango ya tsage, gara ta ci azara, kowa yana duban ɗan'uwansa, ana tambaya wa zai gyara. Saboda haka na ga ya kyautu a wannan fitowa mu leƙa wata ƙasa ta manoma inda majami'un ƙauye suka yi shekara 800 a tsaye, har yau kuwa ana sujada a cikinsu.

Ƙasar ita ce Denmak, can arewa da Jamus. 'Yar ƙarama ce, ba ta kai Jihar Kaduna faɗi ba, mutanenta kimanin miliyan 6. Sunanta ba baƙo ba ne ga 'yan'uwanmu na Adamawa, gama daga can ne Likita Niels Bronnum ya fito, wanda ya iso Numan a 1913, aikinsu kuwa shi ne ya haifi ikkilisiyar Lutaran ta ƙasarmu. A wannan 'yar ƙasa akwai majami'u fiye da 1,600 waɗanda aka gina tun kafin shekara ta 1536, yawancinsu kuwa a ƙauyuka suke. In kana tafiya a karkararsu, kafin ka yi mil uku ko huɗu ka hango wata farar hasumiya a tsakiyar gonaki. To, yaya aka yi suka daɗe haka?

Daga katako zuwa dutse

A da mutanen Denmak mayaƙan teku ne, su ne Turawa ke kira Viking, suna kuma bauta wa gumakansu. Wani mai bishara, Ansgar, ya fara shiga cikinsu a 826, daga baya ya sami izini ya gina majami'u a garuruwan Hedeby da Ribe. Amma bangaskiya ba ta kafu sosai ba sai wajen 965, sa'ad da aka yi wa Sarki Harald mai Shuɗin Haƙori baftisma. Shi ne wanda aka sa wa Bluetooth na wayar hannu sunansa. Ya kafa wani babban dutse a garin Jelling, ya sa aka rubuta a jiki cewa shi ne ya mai da mutanen Denmak Kirista. Dutsen yana nan har yau, kusa da wata majami'ar dutse da aka gina wajen 1100.

Majami'un farko duk na katako ne. Akan kafa gungume cikin ƙasa, a jera alluna a tsaye, a yi rufi. Sun yi yawa ƙwarai. Wani malami, Adam na Bremen, ya rubuta wajen 1075 cewa akwai majami'u 300 a yankin Skane, 150 a tsibirin Zealand, 100 kuma a tsibirin Fyn. Amma itacen da aka binne cikin ƙasa mai laima ba ya daɗewa. Ko ɗaya daga cikinsu ba ta rage a tsaye ba. Abin da ya saura sai alamun ramukan gungume a ƙarƙashin daɓen majami'un yanzu, da kuma guntun allo guda mai zanen maciji da aka tsinta a 1887 cikin bangon majami'ar Horning. Masana sun ƙidaya zoben shekarun itacen, suka ga an sare shi wajen 1060 zuwa 1070. Yana ajiye a gidan tarihi na ƙasa a Kopanhagan.

Daga wajen 1100 zuwa 1250 sai aka shiga sāke su da dutse. Cikin shekara 150 ɗin nan an gina majami'u kimanin 2,000, in an haɗa da yankunan da a lokacin ke ƙarƙashin Denmak, kamar Skane wadda ta koma hannun Suwidin a 1658. Ku tuna fa, babu mota, babu siminti, babu injin ɗaga kaya. Keken shanu ne, da igiya, da guduma, da ƙarfin damtse.

Kowa da abin da ke kusa da shi

Abu na fari da ya kamata mu lura da shi, ba su je neman kayan gini nesa ba sai inda ya zama dole.

A yankin Jutland gonaki cike suke da manyan duwatsu masu tauri, irin wanda muke sassaƙa dutsen niƙa da shi. Ƙanƙara ce ta turo su daga arewa tun zamanin da ta rufe ƙasar. Ga manomi kuwa dutsen nan wahala ne, yana karya garma. Sai aka kwashe su daga gonaki, magina suka tsaga su da turakun ƙarfe, suka sassaƙe fuskarsu sumul, aka jera su sahu sahu. Gona ta huta, majami'a ta samu.

A tsibirin Zealand akwai farin dutse mai laushi wanda ake yanka shi da zarto, in ya sha iska sai ya yi tauri. Da shi suka yi nasu, wasu kuma da duwatsun gona yadda suke, ba sassaƙa. A wajen Ribe, inda ƙasa fadama ce, dutse ya yi wuya, sai aka riƙa kawo wani dutse marar nauyi cikin jiragen ruwa daga kogin Rhine na Jamus.

Wajen 1160, zamanin Sarki Valdemar Babba, aka koyi gasa tubali. Jan tubalinsu babba ne, tsawonsa kamar inci 11. Majami'ar ƙauyen Bjernede ta nuna wannan sauyi a fili. An rubuta a bisa ƙofarta cewa wani mai suna Ebbe da matarsa suka fara gina majami'a a wurin, daga baya ɗansu Sune ya sāke ta da dutse. In ka dubi bangon, ƙasansa dutse ne, samansa jan tubali, watau ana cikin aikin ne sabuwar dabara ta iso, suka karɓa.

Ga yadda suke tā da bango. Sukan yi fuska biyu ta dutse, ta waje da ta ciki, su cika tsakani da tsakuwa da ɓarɓashin dutse da kwaɓi. Kaurin bangon yakan kai ƙafa 3 ko fi. Kwaɓin kuwa na farar ƙasa ne. Sukan ƙona farin dutse cikin matoya, su jiƙa shi cikin rami ya daɗe, sa'an nan su gauraya da yashi. Wannan kwaɓi ba ya bushewa da sauri, ba ya kuma ƙanƙamewa kamar siminti. In ƙasa ta ɗan motsa yakan bi ta, in ruwa ya shiga bango yakan bar shi ya fita. Da yawa an rufe su da fallayen darma, wadda in ta tsufa akan narkar da ita a sāke zubawa, a mayar.

Fasalin ginin

Kusan dukansu fasali ɗaya ne, ba wani ƙawa. Akwai babban ɗaki inda jama'a ke taruwa, da ƙaramin ɗaki daga gabas inda bagade yake, a tsakaninsu kuma ƙofa mai bakan gizo. Wasu suna da wata 'yar ƙurya mai siffar rabin da'ira a bayan bagade. Ginin yakan miƙe daga yamma zuwa gabas, domin masu sujada su fuskanci fitowar rana.

Ƙofofi biyu ne, ta kudu ta maza, ta arewa ta mata. Tagogi ƙanana ne, can sama, saboda sanyi da tsadar gilashi. Rufin ciki na katako ne a shimfiɗe. Babu bencina a tsakiya, sai dakali a gindin bango inda tsofaffi da marasa ƙarfi ke zama. Limami yana karatu da Latin, harshen da manomi ba ya ji.

A cikin babban ɗakin akan kafa dutsen baftisma, mai kama da babban turmi, gama a lokacin tsoma jariri ake yi cikin ruwa. An sassaƙa wa waɗansu siffar zakoki a jiki. Fiye da 1,000 daga cikinsu suna nan har yau, ana kuma baftisma a kansu. Wanda ke so ya ga yadda majami'ar ƙauye take tun farko, akan nuna masa ta Hover a yammacin Jutland, wadda har yanzu ba ta da hasumiya.

Akwai kuma guda 7 da suka fita dabam, gama zagayayyu ne kamar rumbu. Huɗu suna tsibirin Bornholm, babbarsu ita ce Osterlars, mai hawa uku, da ƙaton ginshiƙi a tsakiya yana riƙe da ginin. Waɗansu masana sun ce an yi benen sama domin mafaka in 'yan fashin teku sun kawo hari, waɗansu kuma sun ce ma'ajin kayan fatauci ne.

Wa ya biya?

Nan ne gizo ke saƙa. A da akan ce manoma ne kawai suka taru suka gina. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa da yawa manyan masu ƙasa ne suka fara aikin. A majami'ar Fjenneslev akwai hoto a bango na wani basarake, Asser Rig, yana miƙa majami'ar ga Allah, matarsa tana biye da shi. Amma mai arziki yakan gina ya mutu. Abin da ya riƙe ginin bayansa ita ce zakka.

Zakka ta kafu a Denmak a farkon ƙarni na 12. Kowane manomi yakan fitar da dami ɗaya cikin goma na hatsinsa, haka kuma daga 'ya'yan dabbobinsa. Sai a raba ta kashi uku: ɗaya na limamin gunduma, ɗaya na bishop, ɗaya kuma na ginin majami'a. Ku lura da wannan kashi na uku. Gini yana da nasa rabo, kamar mutum, shekara da shekara.

Rabon nan ba a hannun limami yake ba. Akan zaɓi mutum biyu daga cikin manoman gunduma su zama masu kula da majami'a. Su ke karɓar hatsin, su zuba a rumbun majami'a, su sayar, su sayi farar ƙasa da darma da kakin kyandir, su biya magina, sa'an nan su ba da lissafi ga wakilin bishop. Waɗansu majami'u suna da gonaki da ake ba da haya, har da shanu da ake ba manoma kiwo, su riƙa biyan wani abu kowace shekara.

Kada mu ɗauka an yi haka ba tare da kuka ba. Zakka nauyi ce a wuyan talaka, tilas ce kuma, ba baiko na ganin dama ba. Sarki Knud, wanda ya matsa wa mutane da haraji da tara, ya gamu da tawaye, aka kashe shi a gaban bagade cikin majami'ar katako a Odense a 1086. Daga 1180 zuwa 1182 manoman Skane suka tayar wa Babban Bishop Absalon, ɗan Asser Rig ɗin nan, suka ƙi biyan zakka. Rabon bishop shi ne aka fi ƙi, har a waɗansu wurare aka daɗe ba a biyansa. Ba mamaki, gama shi ne rabon da ke barin ƙauye, manomi ba ya ganin inda ya shiga. Na gini kuwa yana ganinsa da idonsa kowace Lahadi.

Kowane zamani ya ƙara nasa

A 1349 da 1350 babbar annoba ta shiga Denmak, ta kashe mutane ba iyaka. Waɗansu ƙauyuka suka zama kufai, majami'unsu suka zube. Gini ya tsaya cik na tsawon lokaci.

Da ƙasa ta farfaɗo a ƙarni na 15, manoma suka sami hali, musamman daga cinikin bijimai da ake korawa kudu zuwa kasuwannin Jamus. Ba su rushe ginin kakanninsu ba, ƙari suka yi. Da jan tubali suka cire rufin katako suka yi ɗaurin guga, irin wanda maginanmu ke yi a soraye, sai dai nasu na gasasshen tubali ne, wuta ba ta cinsa. Suka faɗaɗa tagogi. Suka gina hasumiya daga yamma domin ƙararrawa, wadda a da ake ratayewa a kan dirkokin katako a waje. Masu jiragen ruwa ma suka riƙa gane hanya da hasumiyoyin bakin teku. Suka ƙara zaure a bakin ƙofa, wanda a harshensu ake kira ɗakin makamai, domin an ce nan maza ke ajiye makamansu kafin su shiga. A ƙwanƙolin bango kuma suka yi ado mai hawa hawa kamar matakala, wanda yanzu ya zama alamar majami'ar ƙauyen Denmak.

Watau abin da baƙo ke gani yau kamar gini guda, aikin shekara 300 ne ko 400. Kaka ya tā da bango, jika ya yi ɗaurin guga, tattaɓa kunne ya ɗora hasumiya. Sannu ba ta hana zuwa.

Bango mai wa'azi

Tun da yake yawancin jama'a ba su iya karatu ba, sai aka zana labaran Littafi Mai Tsarki a bango da cikin ɗaurin guga, da launin ƙasa ja da rawaya da baƙin gawayi a kan farar ƙasa. Majami'u kimanin 600 suna da irin waɗannan hotuna a bayyane har yau.

Waɗanda suka fi suna su ne na tsibirin Mon, a ƙauyukan Elmelunde da Keldby da Fanefjord, aikin wani mai zane da yaransa a ƙarshen ƙarni na 15. Ya san manoma yake yi wa zane. Ya zana Adamu bayan an kore shi daga gonar Aidan yana huɗa da garmar dawaki irin ta Denmak. Ya zana mata biyu suna gulma cikin majami'a, wani shaiɗan yana tsaye yana rubuta abin da suke faɗi. Ya kuma zana mutum biyu suna addu'a a gindin gicciye. Daga bakin matalauci layuka suna miƙewa zuwa raunukan Almasihu, daga bakin mai arziki kuwa suna komawa kan tufafinsa da akwatinsa da dokinsa. Ba sai an yi wa kowa fassara ba.

A 1536, zamanin Sarki Christian na Uku, Denmak ta bi koyarwar Martin Luta. Aka koma wa'azi da harshen ƙasa, aka buga Littafi Mai Tsarki da shi a 1550. Sai aka kafa mumbari, aka jera bencina, aka toshe ƙofar mata a wurare da yawa. A hankali kuma aka shafe hotunan da farar ƙasa. Abin mamaki, shafewar nan ce ta tsare su. Da aka fara kankare farar ƙasar a ƙarni na 19, sai ga su nan da launinsu.

Waɗanda suka sha wuya

Bayan 1536 rabon bishop ya koma na sarki. Daga ƙarshen ƙarni na 17 kuma, da sarakuna suka rasa kuɗi saboda yaƙe-yaƙe, sai suka sayar da majami'u da yawa ga masu manyan gonaki. Mai majami'a shi ke karɓar rabon gini, shi ne kuma ya kamata ya yi gyara. Waɗansu sun riƙe amana. Waɗansu kuwa suka ci hatsin suka bar rufi yana yoyo, har akwai waɗanda suka kware darma suka sayar. Sai a 1903 aka yi dokar kawar da zakka, aka kuma kafa majalisun gunduma da jama'a ke zaɓa, daga nan majami'u suka riƙa fita daga hannun masu su.

Ƙasa ma ta ci nata. A Skagen, can ƙarshen arewa, an yi ta kiwo da yankan ciyawar da ke riƙe tuddan yashi, sai iska ta taso da yashin, ya rufe gonaki. Jama'a suka riƙa haƙa hanya da shebur kafin su shiga sujada, har aka rufe majami'ar a 1795. Hasumiyarta kaɗai ta rage a tsaye cikin yashi. Sai da aka koma dasa ciyawa da itatuwa kafin yashin ya kwanta. Majami'ar Marup kuwa, da aka gina wajen 1250, teku ne ya yi ta cin gaɓa har ya iso gindinta, dole aka fara kwance ta a 2008.

Akwai kuma ɓarnar da aka yi da kyakkyawar niyya. A ƙarni na 20 an yi wa waɗansu tsofaffin bango yaɓen siminti da fenti mai toshe iska. Laima ta rasa hanyar fita, bango ya fara ruɓewa daga ciki, hotuna suka soma ɓarewa. Dole aka kankare aka koma ga farar ƙasa irin ta kakanni.

Yadda ake riƙe su yanzu

Yau 'yan ikkilisiyar ƙasa suna biyan harajin majami'a, kimanin kashi 1 cikin 100 na abin da suke samu. Doka ta ce kowace shekara majalisar gunduma za ta zaga ginin tare da gwanin gini, su duba rufi da indararo da bango da makabarta, su rubuta abin da ke bukatar gyara. Bayan shekara huɗu huɗu kuma shugaban limaman yanki yakan zo a yi zagayen tare da shi. Ba a yin babban canji a tsohuwar majami'a sai an shawarci gidan tarihi na ƙasa. Damuwarsu ta yanzu dabam ce: matasa sun koma birane, a ƙauyuka da yawa ginin yana nan lafiya amma masu zuwa sujada ran Lahadi kaɗan ne.

To, 'yan'uwa, kun ji labarin. Dutsensu ba irin ƙasarmu ba ne, zakkar dole kuma ba abin da za mu yi sha'awa ba ne. Amma ku duba abin da ya raba majami'ar da ta tsaya da wadda ta lalace. Inda gini ke da nasa rabo, a hannun mutanen da ke ba da lissafi, ana kuma zaga shi kowace shekara, ya ga jikokin jikoki. Inda rabon ya shiga aljihun mutum ɗaya, ruwa ya bi ta rufi. In kun zauna taron ƙungiya na gaba, ku tambayi juna: majami'armu da rumbun ƙungiyarmu, mudu nawa muka ware musu a kakar bana, wa ke riƙe da shi, kuma wace rana za mu zaga su kafin ruwan farko ya sauka?